Hannu Wofi Ba Ya Tare Wuƙa

A Morai da Talata Mafara, da Bakura har Maradun, in aka tayar da zancen tsaro hankalin kowa kan bindigar 'yan fashin daji yake tafiya, kuma da dalili. Sai dai akwai makamin da ya riga bindiga shigowa gari, wanda ba a neman izinin kowa kafin a riƙe shi. Mahauci na da shi a kasuwar Talata, manomin shinkafa a filayen Bakolori na da adda da lauje, matashi ma na iya soke barho a ƙugu ba wanda ya sani. Rigimar ruwa a fadama, ko faɗan samari a wajen biki, ko hargitsin taron siyasa, duk kafin a ankara ƙarfe ya fito. Birane kam har suna suka ba abin: 'yan daba da masu ƙwacen waya a Kano, ƙauraye a Katsina, 'yan sara-suka a Bauchi, 'yan Kalare a Gombe.

Abin da ke damuna shi ne bidiyoyin da samari ke turawa juna a waya. Ga wani ƙato ya miƙo wuƙa a hankali, hannu a sandare, gwani ya cafke wuyan hannun, ya murɗe, ya kayar. Mai niyyar kisa ba haka yake zuwa ba. Wuƙar tana ɓoye a jikin cinyarsa ko cikin hannun riga har ya iso gabanka. Da hagu zai cakumi wuyan rigarka, dama kuwa tana kai suka gajere-gajere, tana komawa tana dawowa, ba ta tsayawa balle ka kama. Da yawa daga waɗanda suka tsira sukan ce sun ɗauka naushi ne aka yi musu, sai da suka ji riga ta jiƙe. Wanda kuma ya sa hannu ya tare, tafin hannun da damtsen ke shan yanka. In jijiyoyin da ke naɗe yatsu suka tsinke, hannun ya daina damƙa nan take, kuma in ba a samu likitan da ya ɗinke su da wuri ba, manomi na iya yin bankwana da ƙotar fartanya.

Ko mai bindiga bai tsira daga wannan lissafi ba. A 1983 wani ɗan sandan birnin Salt Lake a Amurka, Dennis Tueller, ya auna ya ga lafiyayyen mutum riƙe da wuƙa na iya cinye tazarar ƙafa 21, wato mita shida da ɗoriya, cikin daƙiƙa ɗaya da rabi. Kusan lokacin ke nan da ƙwararren ɗan sanda ke buƙata ya zaro bindiga daga kube ya harba. To ina ga kai da ke zaune kan babur, hannu biyu riƙe da kansa?

Ƙasar nan ƙasar dambe ce, ƙasar da ake sauraron waƙar da Ɗan Anace ya yi wa Shago, don haka muna da saurin auna kowane faɗa da ma'aunin fage. A dambe kana iya shan bugu uku ka jure ka kashe abokin karawa a na huɗu. Wuƙa ba ta ba da wannan rance. Yaro ɗan shekara goma sha biyar da bai taɓa ɗaura zare a hannu ba yana iya kwantar da basamude da suka ɗaya.

Sai batun maganin ƙarfe. Kowa ya ga 'yan tauri a wajen wasa, ganga na tashi, suna goga wuƙa a ciki da wuya, su ɗaga ta sama a ga ba jini. Al'ada ce mai tarihi, ban raina ta ba. Amma goga kaifi a kan fatar da aka ɗame, da hannun mai jikin, a lokacin da ya zaɓa, daban yake da tsinin da maƙiyi ya danno da nauyin jikinsa duka. Babbar illar guru da laya a nan ita ce suna hana mutum gudu a daidai lokacin da gudu ke da amfani.

In abin hannunka ake so, waya ko kuɗi ko babur, miƙa. In da hanya, ƙafa me na ci ban ba ki ba, ka nufi inda jama'a da haske suke kana kururuwa. Masu cewa gudu gadon matsoraci ne ba su za su biya kuɗin jini a asibiti ba. In kuwa an ritsa ka, ko iyali na bayanka, nemi abin da ya fi wuƙar tsawo ko faɗi ka sa tsakani: benci, kujera, sanda, babur ɗin kansa. Manufar ita ce ka samu kafar fita, kuma ka sa a ranka cewa ko da hakan za a iya yankarka.

Inda mutanen gari ke da ikon ceton rai da gaske shi ne bayan an yi sukar. Jinin babban mutum wajen lita biyar ne, kuma in babbar jijiyar cinya ko ta wuya ta ɓalle, 'yan mintuna sun isa. Nannaɗe rawani ko zane mai tsabta ka danna kan raunin da ƙarfi, kada ka riƙa ɗagawa kana leƙe. In ya jiƙe, ƙara wani a kai. In hannu ne ko ƙafa kuma jinin ya ƙi tsayawa, ɗaure tamau a sama da raunin da ƙyalle mai faɗi, ka riƙe lokacin da aka ɗaure. Wuƙar da ta maƙale a jiki ba a zare ta, domin sau da yawa ita ke toshe jinin. Kada a zuba ƙasa ko toka ko garin magani. Wanda aka soka a ciki ba a ba shi ruwa komai roƙonsa, kuma ƙanƙantar rami a fata ba ta nuna ɓarnar da ke ciki. A wuce babban asibitin Talata Mafara kai tsaye, in ya fi ƙarfinsu su tura Gusau ko asibitin koyarwa na Sakkwato. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa.

Wanda ma ya yi sa'a ya ƙwace wuƙar, bai gama ba. Doka ta yarda mutum ya kare kansa, amma gwargwadon barazanar da ke gabansa. Wani manomi a jihar Adamawa, Sunday Jackson, ya ce makiyayi ne ya far masa da wuƙa a gona, ya ƙwace ta ya soke shi har ya mutu. Babbar kotun jihar ta yanke masa hukuncin kisa a 2021, bisa hujjar cewa da ya raba mutumin da makami yana da damar guduwa. Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin a watan Maris na 2025, lokacin ya kai kimanin shekara goma a tsare.