Fuskar da yaro ya sani

Da yamma, Court Road da lungunan da ke kewayen Asibitin Malam Aminu Kano a Gyaɗi-Gyaɗi kan cika da yara 'yan Islamiyya, ƙanana na riƙe da hijabin yayyensu. Da wuya a sami wanda ba a ja wa kunne a gida ba: kada ka bi baƙo, kada ka karɓi alawa a hannun wanda ba ka sani ba. Jan kunnen yana da kyau, sai dai Kano ta ga iyakarsa.

A Disambar 2021 aka sace Hanifa Abubakar, 'yar shekara 5, tana dawowa daga Islamiyya. Wanda ya ɗauke ta shi ne Abdulmalik Tanko, mai makarantar bokon da take zuwa a Kwanar Dakata, wanda babbar kotun jiha ta yanke wa hukuncin kisa a Yulin 2022. Wane kashedi a kan baƙo ne zai hana yarinya bin malaminta?

Nan ne tarbiyyarmu ke buƙatar ƙari. Mun koya wa yaro ya durƙusa ya gaida babba, ya tafi aike ba musu, kuma ba na fatan mu rasa wannan. Amma yaron da bai taɓa jin cewa yana da izinin ce wa babba a'a ba, ba zai fara ranar da ake janye shi cikin adaidaita sahu ba. Ɗan shekara 4 ba ya iya tantance mugu da nagari, har manya ma ana yaudararsu. Abin da zai iya riƙewa shi ne doka guda: ba ya bin kowa ko'ina, ko malam ne, ko kawu, ko maƙwabci, sai Umma ko Abba sun faɗa masa da bakinsu. In an matsa masa, ya yi ihu. In wani ya ce "kada ka gaya wa Umma", wannan ce maganar da za a fara kawowa gida. Sai dai fa in ya kawo a saurare shi, domin yaron da aka kwatse sau ɗaya zai koyi yin shiru.

Akwai kuma suna. A Oktoban 2019 'yan sanda suka dawo da yaran Kano 9 da aka sace aka kai Onitsha, an sauya musu sunaye. Yaro ya haddace cikakken sunansa, da na mahaifinsa, da unguwarsu, da lambar waya ɗaya, ana bita kamar yadda ake bitar Fatiha. A yi ta a hankali, lokacin cin tuwo ko a hanyar makaranta, ba da tsoratarwa ba, don yaron da ya firgita ba ya tuna lamba. Makarantun Islamiyya su ma su rubuta wanda ke zuwa ɗaukar kowane ƙaramin ɗalibi, kada a sallame shi ga wani sai an kira gida.