Toshe Tiyon Numfashin Inji Ba Gyara Ba Ne

Kowane injin mota yana da hanyar da yake fitar da iskar da ke taruwa a cikinsa. Idan fetur ya ƙone a silinda, wani ɗan hayaƙi kan sulale ta gefen ringin fistan ya gangara ƙasa inda baƙin mai yake kwance, ɗauke da tururin ruwa da ragowar fetur. Motocin da can waje suke zubar da shi ta bututu. Daga 1961 a jihar Kalifoniya, sannan sauran Amurka a 1963, aka koma mayar da shi cikin inji ya sake ƙonewa, ta wani ɗan tiyo da ƙaramin bawul mai suna PCV, wanda galibi yake bisa murfin inji.

Wannan tiyon ne wasu kanikawa suka mayar abokin gaba. Da direba ya kai kukan cewa motarsa na shan baƙin mai, aka kuwa ga damshin mai a bakin tiyon, sai a yanke hukunci nan take: shi ne ɓarawon. A cusa masa ƙusa ko tsohon fulogi, a ɗaure da waya, a ce an gama. Wasu kuma cire shi suke yi su bar shi yana reto. Ana ganin haka a Golf da Sharon masu jigila tsakanin Birnin Gwari da Kaduna, abin takaici har direban na godiya.

Toshewar ba ta hana hayaƙin samuwa, ƙofa kawai aka rufe masa. Tukunya ce a kan wuta aka danne murfinta: tururin sai ya nemi wata kafa. A inji, kafar ita ce sil da gaskit. Kafin a jima mai ya fara tsattsafowa ta gaba da baya, gejin mai na tasowa da kansa, tururin da ya rasa mafita kuma ya gauraya da mai ya zama baƙin kunu mai toshe hanyoyinsa. Daga nan sai a ce inji ya gaji, a sauke shi, alhali ɗan bawul ne ya ƙafe. Barin tiyon a buɗe ma ba sauƙi ba ne. Jar ƙurar da motar gaba ke tayarwa, musamman da hunturu, ta nan take shiga ba tare da ta bi ta matatar iska ba, ta riƙa goge ƙarfe a hankali. Mota mai lodin buhunan masara, tana rarrafe cikin ramuka da ƙaramar giya, ta fi kowace tara wannan hayaƙi. Kuma duk mai bin hanyar Birnin Gwari ta Buruku da Udawa ya san gefen dajin Kamuku ba wurin buɗe bonet ba ne.

Binciken ba shi da wuya. A zare bawul a girgiza shi kusa da kunne: mai lafiya yana ƙas-ƙas, wanda ya yi shiru ya ƙafe, a wanke shi da fetur ko a saka sabo. Wasu injinan Volkswagen faifan roba gare su a maimakonsa, shi kuwa idan ya yage canji kawai yake so. A tada mota a bar ta a silo, a ɗora yatsa a bakin bawul, ya kamata a ji yana zuƙa. A matsa tiyon da hannu a duba tsagewa, domin tiyon da ya fashe kan sa silo rawa, wani lokaci har da fito. Sannan a buɗe murfin zuba mai: idan hayaƙi na bugowa da ƙarfi ko bayan an gyara bawul, to ringi ne ya cinye, kuma babu ƙusar da za ta magance shi. Matatar iska ita ma a riƙa dubawa kowane sabis, a daina jiran sai ta koma ja.

Cika mai fiye da ƙima, jabun mai da jinkirin juye shi duk suna kawo irin wannan matsala ta shan mai da ƙafewar bawul.

Direban da ya ga an ɗauko waya za a ɗaure masa tiyo, ya ce a dakata, a fara gwada bawul ɗin a gabansa.