Me Ya Sa Sautin Lasifika Mai Tsada Kan Fita a Dagule?

Yawancin akwatunan lasifika na ɗauke da ƙaramar lasifika mai fitar da siririn sauti, da babba mai fitar da kakkaura. Bakin babbar ya fi zurfi, don haka sautinta kan taso daga baya, ya iso kunne a makare.

Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. A inda lasifikokin biyu ke haɗa aiki, misali a hez 2,000, tsawon igiyar sauti santimita 17 ne kacal. Idan ɗaya ta makara da rabin wannan tsawo, igiyoyin sai su soke juna: muryar mawaƙi ta dusashe, bugun ganga ya rasa kaifi. Shi ya sa wasu kamfanoni ke karkatar da fuskar akwatin baya, domin sautukan su iso tare.

Haka matsalar take tsakanin akwatuna daban-daban a falo. Yawancin amfilifayar sinimar gida ta Denon da Yamaha na zuwa da makirufo mai auna nisan kowane akwati daga kujera, sai a jinkirta sautin na kusa. Wanda ba shi da irinta zai iya daidaita nisan da tef ɗin awo kafin ya kashe kuɗi kan sabuwar lasifika.