Tatsuniyar Karɓa-Karɓa da Ladubban Masu Yin Ta

Ku ɗauka mutum biyar ne da ba su taɓa ganin juna ba. Akwai ma'aikaciyar jinya a Kanada mai aikin dare, da malamin makaranta a Jamus, da direban babbar mota a Amurka, da ɗalibai biyu, ɗaya a Ingila ɗaya a Ostireliya. Wata takwas ke nan suna cikin labari guda. Ran Litinin malamin, wanda shi ne uban wasa, ya rubuta musu cewa ayarinsu ya iso bakin wata tsohuwar rijiya da magariba. Gugan ya tsufa amma igiyar sabuwa ce fil, ga kuma sawun ƙafa da ya nufi rijiyar bai dawo ba. Ya dakata a nan. Kafin gari ya waye ma'aikaciyar jinyar ta rubuta cewa ɓarauniyar da take riƙe da ita a labarin ta durƙusa tana duba sawun. Direban, da ya samu wurin yada zango, ya ce mayaƙinsa ya zare takobi ya ba rijiyar baya yana gadin hanya. Ɗalibin Ingila ya kunna fitila. Na biyar shiru. Laraba ta wuce, Alhamis ta wuce, mutum huɗu a ƙasashe huɗu suna tsaye bakin rijiya, ranar cikin labarin ta ƙi faɗuwa saboda mutum ɗaya bai ce uffan ba.

Wannan tsayuwa ita ce abin da masu wasan suka fi tsoro, kuma in ka bi al'adunsu ɗaya bayan ɗaya za ka tarar yawancinsu don gudun ta aka kafa su.

Asalin abin wasan zama ne a kewaye da teburi. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons daga garin Lake Geneva na jihar Wisconsin a Amurka, ƙananan littattafai uku cikin kwali, kwafi 1,000 a bugun farko. Kamar tatsuniya yake, sai dai mai ba da ita ba shi kaɗai ke da baki ba. Kowane mai sauraro yana riƙe da mutum ɗaya a cikin labarin, wanda za mu kira jaruminsa ko da kuwa matsoraci ne. Uban wasa shi ke riƙe da sauran duniya: ruwan sama, dodanni, mai masauki, sarkin gari. A tatsuniyarmu in Gizo ya shirya wa Ƙoƙi wayo, kaka ce ke yanke ko zai ci nasara. A nan ɗan ludo ke yankewa, amma ba mai fuska shida kaɗai da muka sani ba. Suna da mai fuska 4, da 8, da 10, da 12, sai babbansu mai fuska 20. Ba a sa kuɗi, ba kuma wanda ke cinye wani.

Yin wasa daga nesa kuwa ya riga wannan zuwa duniya. Akwai wani wasan allo, Diplomacy, na Allan Calhamer, da ya fito a 1959, inda mutum bakwai ke riƙe da manyan daulolin Turai bakwai na farkon ƙarni na 20 suna ƙulla amana suna warwarewa. Tara mutum bakwai yini guda a ɗaki ɗaya aiki ne, don haka a 1963 John Boardman a New York ya fara gudanar da shi ta gidan waya, yana buga sakamakon kowane zagaye a 'yar mujallarsa Graustark. Gygax kansa ya yi irin wannan wasa ta wasiƙa. A 1970 Rick Loomis ya mai da abin sana'a da kamfaninsa Flying Buffalo. Daga waɗancan mutane aka gaji doka ta farko, wato wa'adi. Wanda wasiƙarsa ba ta iso kan lokaci ba, sai a buga haruffa uku, NMR, kusa da sunan ƙasarsa, ma'ana ba a samu umarni daga gare shi ba, rundunoninsa su tsaya cik inda suke maƙwabta su yi ta yagar rabonsu. In ya maimaita, akwai jerin 'yan jiran gado da za a ɗauko ɗaya ya hau kujerarsa. Da intanet ta zo sai kan sarki da ambulan suka kau, amma halin ɗan'adam yana nan yadda aka bar shi.

Shi ya sa yau, kafin a rubuta kalma ɗaya ta labari, sai an yi abin da suke kira zama na sifili. Mutum huɗu zuwa shida aka saba ɗauka, kowa ya kawo jaruminsa da ɗan tarihinsa, uban wasa ya duba ko za su zauna inuwa ɗaya. Tambayar da ta fi kowace nauyi a wannan zama ita ce sau nawa kowa zai riƙa rubutu. Wasu su ce sau ɗaya kullum ban da Asabar da Lahadi, wasu su ce sau uku a mako. Baƙo zai ga kamar ƙaramin abu ne. To ga lissafin: a Dungeons & Dragons na yanzu zagaye ɗaya na faɗa daƙiƙa shida ne a cikin labari. A teburi faɗa mai zagaye biyar bai cika wuce awa guda ba. A rubuce, in kowa sai ya jira na gabansa, kuma wani na barci lokacin da wani ke karin kumallo, wannan rabin minti na iya cinye mako uku. Saboda haka gogaggun iyayen wasa kan sassauta dokar littafi, su ce duk 'yan ayari su rubuta nasu a kowane jeri suka ga dama, sannan abokan gaba su yi nasu gaba ɗaya. Gogaggen ɗan wasa shi ma yakan rage wa mutane jira da rubutu mai reshe: in ƙofar a kulle take zan gwada buɗe ta da allura, in ta buɗe zan leƙa ba zan shiga ba, in na ji motsi zan ja da baya. Kwana uku ke nan ya ceto da jimla ɗaya.

Doka ta biyu ta fi daɗin bayani, kuma ita ce ke bambanta ɗan gari da baƙo tun a rubutun farko. Jaruminka kaɗai ne naka. Kana da ikon rubuta cewa ya kai sara, ba ka da ikon rubuta cewa ya sare. Tsakanin kai sara da sarewa akwai jifar ɗan ludo, akwai hukuncin uban wasa, akwai kuma haƙƙin wanda aka kai wa saran ya kauce. Sabon shiga yakan rubuta: "Ya daka mata tsawa, ta firgita ta saki jakar." Nan take za a ja shi gefe. Wa ya ce ta firgita? Mai ita ce za ta faɗi ko ta firgita ko ta yi masa dariya. Sa wa jarumin wani magana a baki, ko tsoro a zuci, ko ma ɗaga masa gira, shisshigi ne da ba sa yafewa da wuri. Ƙanin wannan laifi shi ne jarumin da ba a taɓa samun sa: kowace kibiya ya kauce, kowane harshe yana ji, dafi ba ya kama shi. Irin wannan ba a cika korar sa da baki ba. Sai dai kawai ya ga mutane sun daina kula jaruminsa, ana ta hira ana tsallake shi.

Akwai kuma katangar da suke ginawa tsakanin muryar jarumi da muryar mai shi. Wuri biyu ake buɗewa, ɗaya na labari zalla, ɗaya na hirar 'yan wasa, inda ake tambayar doka, a yi barkwanci, a ba da uzurin rashin lafiyar yaro. In dole ta sa mutum ya yi magana da bakinsa a tsakiyar labari, sai ya kewaye ta da baka biyu-biyu ko ya sa mata haruffan OOC, don kowa ya san ba jarumi ke magana ba. Labarin kansa an fi rubuta shi da "ya yi" da "ta yi", kamar littafin hikaya. Maganar baki a yi mata baƙin rubutu mai kauri ko a ba kowane jarumi launinsa, tunanin zuci kuma a karkace. Amfanin katangar ya wuce tsari. Jarumai biyu za su iya zagin juna ta uwa ta uba a cikin labari, masu su kuwa suna can ɗaya gefen suna shawarar yadda rigimar za ta ƙare. In zafin ya tsallako katanga, wasa ya fara lalacewa.

A wannan katangar ne kuma ake gwada amana. A teburi uban wasa kan miƙa wa mutum ɗaya 'yar takarda a ninke. A rubuce yakan ɓoye saƙon a ƙarƙashin wani maɓalli ya rubuta sunan wanda aka yi domin shi, alhali kowa na iya latsawa. Da yawa suna latsawa, kuma ni ban ga laifinsu sosai ba, don ido ba ya jin hani. Abin da aka hana shi ne jaruminka ya yi aiki da abin da kai ka karanta shi bai gani ba. Ka san akwai dafi a kofin, amma mayaƙinka yana waje yana ba doki ruwa lokacin da aka zuba. Mutumin kirki a wurinsu shi ne wanda zai rubuta, da hannunsa, cewa mayaƙin ya shigo da ƙishi ya ɗaga kofin ya shanye.

Jifa ma haka. Ana yin ta da manhajar da ke nuna wa kowa sakamako, ko a bar wa uban wasa ya jefa wa kowa. Gyara rubutu bayan lamba ta fito, don a sauya abin da aka ce za a yi, maguɗi ne. Kuskuren harafi ka gyara abinka, amma da zarar wani ya amsa maka, abin da ka rubuta ya zama tarihi. In kana ganin uban wasa ya karkata doka, ka faɗa sau ɗaya, ya yanke, a wuce, sauran ƙorafin ka kai masa a keɓe. Shafi uku na gardama kan ko mutum na iya tsalle da sulke ya kashe wasanni fiye da kowane dodo.

Batun tsawon rubutu ba su taɓa daidaitawa a kai ba. Akwai mai layi ɗaya, "Na kai masa hari," wanda ya bar wa sauran aikin gina duniya. Akwai mai sakin layi tara kan yadda jaruminsa ya tuna da mahaifiyarsa yana kallon wuta, ka gama karantawa ba abin da za ka kama ka amsa. Da za a tilasta mini zaɓi, na farkon zan ɗauka, don aƙalla ya motsa. Wanda ake so shi ne mai barin ƙofa a buɗe: ya yi abu, sannan ya juya ga jarumin wani ya yi masa tambaya, ko ya miƙa masa fitila, ko ya taka masa ƙafa.

A zama na sifili ne kuma ake shata iyaka kan abin da labarin zai taɓo. Ron Edwards ya yaɗa wata hanya a 2003 mai raba abin gida biyu: akwai layin da ba a ƙetarewa sam, akwai kuma labule, wato abin da zai iya faruwa amma a sakaya shi, a ce dare ya yi gari ya waye. John Stavropoulos ya ƙirƙiro kati mai alamar X da ake ajiyewa a tsakiyar teburi, duk wanda abu ya dame shi ya taɓa, a sauya hanya ba tare da an tambaye shi dalili ba. Masu rubutu sun mai da shi saƙo a keɓe zuwa ga uban wasa. Sata daga jakar abokin tafiya ko kai masa hari kuwa sai da yardar mai shi. Uzurin nan na "ai halin jarumina ke nan" ba ya karɓuwa, amsarsa a shirye take: wa ya ƙera jarumin?

Mu koma bakin rijiya. Ran Juma'a uban wasa zai aika wa ɗalibin Ostireliya saƙo, ba na faɗa ba, na tambayar lafiya. In shiru ya ci gaba, sai ya karɓi jarumin riƙon ƙwarya, kuma riƙon yana da nasa ladabi. Zai sa shi ya bi ayari, ya kare kansa in an kawo hari, amma ba zai kashe masa dukiya ba, ba zai shanye masa maganin da ya daɗe yana ɓoyo ba, ba zai ɗaura masa aure ko ya tura shi ga halaka ba. Kaya ne na amana har mai su ya dawo. Wanda ya san jarrabawa na tafe ko zai yi tafiya, layi ɗaya ake nema gare shi: ba na nan har ran kaza, a riƙe mini. Ba wanda ke jin haushin wannan. Wanda ake jin haushi shi ne mai ɓatan dabo, irin ɗan adashin da ya kwashi nasa aka daina ganin ƙeyarsa.

Su da kansu suna faɗa cewa wasannin da suka mutu a hanya sun fi waɗanda suka kai ƙarshe yawa, kuma sau da yawa uban wasan ne ke gajiya, tunda shi ke amsa wa kowa. Ba a sanar da irin wannan mutuwa. Rubutu ya koma sau ɗaya a mako, sannan a wata, sannan wani ya tambaya ko akwai kowa, ba amsa.

Mai barin wasa da mutunci yakan yi sallama sau biyu. Ya fara da gefen hira, ya gode, ya faɗi dalili in ya ga dama. Sannan ya nemi izinin uban wasa ya rubuta wa jaruminsa mafita. Mayaƙin direban nan, a ce, ya kai ayari har mashigar gari, ya kwance takobinsa ya miƙa wa ɓarauniyar da suka yi wata takwas suna faɗa, ya ce ta riƙe masa, akwai wata gona da ya bari ba shuka. Ita kuma mai ɓarauniyar, in ta tashi daga aiki da asuba, ta rubuta ko ta karɓa.