Kafin ka sayi tsohuwar kwamfuta mai haɗe da allo, duba waɗannan abubuwan

Wataƙila ka ci karo da tallarta a Facebook ko a dandalin WhatsApp: ƙaton allo mai sheƙi, babu akwatin nan da ake ajiyewa a ƙarƙashin tebur, komai yana cikin allon, an rubuta "Core i5, ta Turai, kamar sabuwa". Idan kai matashi ne a Talata Mafara mai burin buɗe shagon buga takardu kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, ko a Bakura inda ɗaliban kwalejin aikin gona ke neman mai buga musu firojet, ko kuma 'yar'uwa a Maradun da ke son koyon zanen katin biki, dole ranka ya biya. Amma tsaya tukuna, jarinka ne za ka zuba, kuma girman allo ba shi ne ƙarfin kwamfuta ba.

Shekarunta nawa?

Irin wannan kwamfuta ba sabon abu ba ce. Tun 1998 kamfanin Apple ya fitar da iMac, daga baya HP da Dell da Lenovo suka cika ofisoshin Turai da Amurka da nasu. Yawancin na hannu da ke shigowa kasuwanninmu ta Legas da Kano irin waɗanda ofisoshin can suka gama mora ne, kamar HP Compaq Elite 8300 da Dell OptiPlex 9010, waɗanda suka fito a 2012 da allo mai inci 23.

A nan ne ake yi wa mutane rufa-ido. Sunan Core i5 ko i7 shi kaɗai ba ya gaya maka komai, lambar da ke biye da shi ita ce magana. Idan ka ga i5-3470S, wannan 3 ɗin na farko yana nufin zubi na uku, wato na 2012. Idan i5-8500 ce, zubi na takwas ke nan. Sau da yawa i5 ta zubi na takwas ta fi i7 ta zubi na uku gudu, don haka kada a ƙara maka kuɗi saboda lamba 7 kawai.

Akwai kuma batun manhaja. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, ita kuwa Windows 11 a hukumance daga zubi na takwas take farawa. Tsohuwar za ta ci gaba da aiki, amma ba wurin ajiye bayanan banki ko sirrin kwastomomi ba ce. Wasu kan saka mata Linux Mint, wadda kyauta ce kuma ba ta da nauyi.

Abu biyu da ke farfaɗo da ita

Na farko shi ne RAM, wato wurin da kwamfuta ke shimfiɗa aikin da take yi a lokacin. Giga 4 zai buga maka wasiƙa, amma da ka buɗe Chrome da CorelDraw tare sai ta fara jan ƙafa. Nemi giga 8. Waɗannan biyun da na ambata suna ɗaukar har giga 16, ƙaramin RAM irin na laftof samfurin DDR3.

Na biyu, faifan ajiya. Da yawa suna zuwa da HDD mai juyawa, kuma shi ne ke sa ka kunna kwamfuta ka je ka sha shayi ka dawo ba ta gama tashi ba. Canza shi da SSD, ko da mai giga 256 ne, za ka rantse wata aka kawo maka. Saka kuɗin wannan canji a lissafinka tun kafin ka fara ciniki.

Maganar wuta fa?

Ga inda gizo ke saƙa. Wannan kwamfuta ba ta da batir. Da Nefa ta ɗauke, ta mutu nan take, aikin da ba ka adana ba ya tafi. Ka san halin wuta a garuruwanmu, don haka idan ba ka da sola da inbata, ko janareta da UPS, laftof ya fi maka. Duba takardar da ke manne a bayanta ka ga wat nawa take ci kafin ka ɗora wa inbatarka.

Sai zafi da ƙura. Komai a cushe yake bayan allo, zafin Afrilu da ƙurar hunturu kuwa ba sa raga mata. Rufe ta da ƙyalle bayan aiki, kuma ka riƙa kai wa mai gyara yana busa fankarta. Ka tuna kuma idan allon ya fashe, kusan duk kwamfutar ce ta tsaya, samun irinsa sai an tura Gusau ko Kano, wani lokaci ma har Legas.

Gwajin minti goma a gaban mai kaya

Kada ka biya sai an kunna a gabanka. Danna Ctrl, Shift da Esc tare, ka shiga Performance, nan za ka ga ainihin lambar firosesa da yawan RAM da idonka. Buɗe farin shafi ka duba ko akwai layi ko tabo a allon. Soka filash a kowace kafa, gwada sifika da kyamara, ka tabbatar tana kama Wi-Fi daga wayarka domin ba duka ke da shi ba. Ka ce a shiga BIOS ka ga ko an kulle da kalmar sirri, abin da ya zama ruwan dare a kayan ofis. Sannan ka karɓi rasit mai ɗauke da kwanakin garanti a rubuce.

To, wa ta dace da shi? Mai buga takardu, mai fitar wa ɗalibai sakamakon WAEC da NECO, da wanda ke son ƙannensa su saba da kibod da maus kafin jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. Mai son tace bidiyo masu nauyi na TikTok da YouTube kuwa, gara ya ƙara haƙuri ya tara kuɗin wadda ta kai zubi na takwas.