Allurar hutun haihuwa: a yi tambaya kafin a miƙa hannu

Daga Birnin Ƙonni zuwa Malbaza har Illela, in mace ta ce za ta likita a yi mata allura, 'yan uwanta mata sun san wadda take nufi. Allurar tazarar haihuwa ta samu karɓuwa fiye da yadda ake faɗa a bainar jama'a. Ba a mantuwa da ita kamar ƙwayar da ake haɗiya kullum, ba ta kuma barin alamar da kishiya ko uwar miji za ta gani. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta mayar da magungunan tazarar haihuwa kyauta a asibitocinta.

Allurar ba iri ɗaya ba ce. Akwai Noristerat ta wata 2, akwai Depo-Provera ta wata 3 da ake yi a tsoka. Sai Sayana Press, 'yar ƙarama mai haɗe da tsinkenta, wadda ake yi a ƙarƙashin fata duk mako 13. A 2014 aka fara gwada ta a Magarya da Tera, kuma sauƙinta ya sa ko ma'aikacin ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye yana iya yin ta.

Yanzu masu bincike na gwajin wadda za ta kai wata 6. Wanda ya san karkara ya san dalilin da zai sa mata su yi marhabin da ita. Matar da ke nesa da kwalta, zuwa likita sau huɗu a shekara yana nufin kuɗin kabu-kabu sau huɗu, neman izini sau huɗu, ga damina in ƙorama ta kawo, ga aikin albasa a yankin Galmi da ba ya jiran kowa. Sai dai wannan allura ba ta cikin abin da asibitocinmu ke bayarwa. Duk mai tallar magani a kasuwa ko a bakin iyaka da ya ce yana da "ta wata shida", kuɗinki yake so. Ba ki san abin da ke cikin kwalbar ba, ba ki san ranar da ta sha a kan tebur ba.

Abin da ya kamata kowace mace ta sani, wanda sau da yawa ba a tsayawa a gaya mata saboda tsawon layi, shi ne allura in ta shiga jiki ba ta fita sai wa'adinta ya cika. Ashanar tazarar haihuwa da ake sawa a dantse, mai shekara 3 ko 5, ana iya cire ta ranar da mace ta ga dama. Allura kuwa sai haƙuri, kuma gwargwadon tsawon wa'adinta, gwargwadon haƙurin. Shi ya sa tambayar farko ita ce: me za ta yi wa al'adata?

Za ta canza ta. A watannin farko mata da yawa kan ga ɗigon jini ba kan ƙa'ida ba, yau ya zo, jibi ya ɗauke, ya sake dawowa. Wannan ba ƙaramar damuwa ba ce ga mai son ta san ranar da za ta yi wanka ta koma salla, balle a watan azumi, kuma bai dace ma'aikaci ya yi mata tsawa don ta kawo kuka ba. Akwai maganin da ke rage shi, hukuncin jinin ciwo kuma malamai sun yi bayaninsa. Bayan shekara guda, da yawa al'adar kan ɗauke gaba ɗaya. A nan ne ake cewa jini ya taru a ciki, zai zama ƙari. Babu jinin da ke taruwa. Maganin yana hana ƙwai fita, bangon mahaifa kuma ba ya yin kaurin da zai zube a ƙarshen wata. Wasu kan ƙara ƙiba, wasu kan yi ciwon kai.

Sai babbar magana, wai allura na kashe mahaifa. Ba ta kashewa, amma tana jinkirta ciki bayan an daina. Ga Depo, yawanci ciki kan samu wajen wata 10 bayan allurar ƙarshe, wasu su haura shekara. Matar da ba a gaya wa haka ba, in ta yi wata shida shiru, dangin miji sun fara gunaguni, dole ta zargi allura, kuma labarinta zai zaga gari kafin cikin ya zo. Mai son ɗaukar ciki baɗi ta faɗi tun yau, a zaɓa mata abin da ya dace.

Maza kuma, jihar Tawa gidan 'yan cin rani ce. Maigida ya tafi Najeriya ko Abijan, uwargida ta bar zuwa allura, ya dawo gab da shuka, ciki ya shiga alhali na goye bai yi ƙwari ba. Kwanika ke nan, kuma kowa ya ga abin da take yi wa yaro: yaye ba shiri, gudawa, tamowa. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar a huta shekara 2 bayan haihuwa kafin wani ciki, Suratul Baƙara ma ta ambaci shekara biyu na shayarwa. Makarantun mazaje da aka fara a jihar Damagaram da tallafin hukumar UNFPA ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa in maza suka zauna suka fahimta, su da kansu ke tura matansu likita.

Mai shayarwa na iya fara allura bayan mako 6, wato da gama wankan arba'in. Mai hawan jini mai tsanani, ko ciwon hanta, ko ƙari a nono, ko zubar jinin da ba a san dalilinsa ba, ta faɗa wa ungozoma kafin komai. Allurar ba ta kare mutum daga sida.

Uwargida, ki adana karnenki na asibiti, ki sa a karanta miki ranar komawa. In ranar ta wuce kada kunya ta hana ki zuwa, ana iya yi miki ta wata 3 ko kin makara da mako 4. Maigida, ka raka ta ko sau ɗaya, ka ji bayanin da kunnenka.