Wata Guda Da Littattafan Soyayya: Abin Da Ɗaliban Yaƙi Da Jahilci Suka Tarar

Hausawa sun ce karatu farkonsa maɗaci, ƙarshensa zuma. Amma duk wanda ya yi aikin yaƙi da jahilci ya san akwai mutane da yawa da suka sha maɗacin, ba su kai ga zumar ba. Mutum yakan yi watanni yana zuwa cibiya, ya koyi baƙaƙe da wasula, ya karɓi takardar shaida, ya koma gida. Bayan shekara ɗaya ko biyu, in aka miƙa masa wasiƙa, sai a gan shi yana harhaɗa ta da ƙyar. Dalili a fili yake: tun ran da ya rufe kayensa na aji bai sake samun abin karantawa wanda ransa ke so ba.

Wannan matsala ce ta sa wata malama a wata unguwa ta Maraɗi ta tara tsoffin ɗalibanta, matan aure da zawarawa da ƴan mata, ta kawo musu littattafai huɗu na soyayya da aka sawo daga Kano. Suka shirya littafi ɗaya kowane mako. Bayan la'asar sukan haɗu a tsakar gidan ɗayansu, kowace ta karanta shafi guda da ƙarfi, ta miƙa wa ta kusa da ita. In magariba ta gabato, malama ta ƙarasa babin. Yanzu watan ya cika, ya dace a waiwaya a duba abin da aka tarar.

Daga ina littattafan suka fito?

Labarin so ba baƙo ba ne cikin rubutun Hausa. Tun cikin littattafan farko na boko da aka buga a Zariya bayan gasar 1933 akwai Jiki Magayi, labarin saurayin da mai dukiya ya raba shi da budurwarsa. Amma yawaitar irin waɗannan littattafai ta zo ne daga shekarun 1980. A 1976 Najeriya ta buɗe makarantun farko kyauta ga dukan yara, a 1980 kuma jahar Kano ta kafa hukumar ilimin manya. Masu karatu suka yawaita, abin karantawa ya yi kaɗan. Sai samari da mata suka shiga rubuta labaransu, suna kai wa ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu, ana sayarwa cikin kasuwa. Daga can ne ƴan kasuwa da direbobi ke shigo da su Nijar, ta hanyar Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, ko ta hanyar Daura zuwa Damagaram.

Mako na farko da na biyu: zaɓin zuciya

An fara da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid, wanda ya fito a 1980, kuma shi ne ƙagaggen labari na farko da aka buga na wata mace cikin harshen Hausa. Labarin Boɗaɗo ne, yarinya Bafillata da ta ƙallafa ranta ga Yasir, saurayin da ba ɗan ƙabilarsu ba, dangi kuma suka ƙi. A wannan mako karatu ya yi nauyi. Wasu matan sukan bi layi da yatsa, wasu sukan ji kunya su miƙa littafin tun ba su kai ƙarshen shafi ba. Amma zancen auren bare ba sabo ba ne a garin da Hausawa da Fulani da Buzaye ke cin kasuwa ɗaya, saboda haka son jin yadda za ta ƙare ya rinjayi kunya.

Mako na biyu aka ɗauki In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991. Sumayya ɗiyar masu hali ce, tana son Muhammad wanda ba shi da abin hannu, manyan gida kuwa sun fi son Abdulƙadir mai kuɗi. Da aka matsa mata, sai ta faɗa rijiya. A nan ne gardama ta fara tashi. Dattijan mata suka ga marubucin ya wuce gona da iri, domin nuna wa yarinya rijiya a matsayin mafita abu ne mai haɗari. Ƴan mata kuwa suka ga laifin yana wuyan waɗanda suka rufe mata kowace ƙofa. Ba a daidaita ba. Sai dai malama ta lura da abu guda: don kowace ta kafa hujjarta, sai ta koma ta nemo shafin, ta sake karanta shi da kanta. Abin da ba a samu da umurni ba cikin aji, gardama ta kawo shi.

Mako na uku da na huɗu: bayan an ɗaura aure

Littattafai biyu na ƙarshe na Balaraba Ramat Yakubu ne, dukansu sun fito a 1990. Alhaki Kuykuyo Ne ba labarin zance da toshi ba ne, labarin gidan aure ne. Rabi tana da ƴaƴa tara, mijinta Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai tauye cefane. Ya yi amarya, ya kori uwargida, ita kuma ta koma sayar da abinci tana ciyar da ƴaƴanta. Daga baya gobara ta cinye dukiyarsa, ya dawo yana neman wadda ya wulaƙanta. A wannan mako matan aure ne suka riƙe magana. Lissafin kuɗin cefane da na magani da na makarantar yara, duk sun san shi a gidajensu ko a gidajen maƙwabta. Wannan littafi ne aka fassara zuwa Ingilishi, aka buga a ƙasar Indiya a 2012.

Wa Zai Auri Jahila? shi ya rufe watan, shi ne kuma ya fi taɓa zukata. Abu yarinya ce da mahaifinta ya fitar daga makaranta. Ɗan uwanta da aka yi musu alkawari ya ƙi ta don ba ta yi karatu ba, aka aurar da ita tana da shekara 13 ga dattijo, Sarkin Noma. Ta gudu zuwa birni wurin ƴar uwar iyayenta, ta shiga ajin manya, ta yi ta karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Ranar da aka kai wurin shigarta aji, tsakar gidan ta yi tsit, domin mafi yawan masu saurare ta wannan ƙofa suka shigo karatu.

Labarin Abu ba tatsuniya ba ne a Nijar. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na mata masu shekara 20 zuwa 24 an yi musu aure kafin su cika 18, kashi 28 kuma kafin su cika 15. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare ɗiya mace da ke cikin karatu. Amma doka a takarda take, shawarar aure kuwa a cikin gida ake yanke ta. Uwar da ta bi Abu shafi bayan shafi har ƙarshe ta sami abin faɗa ranar da aka zo zancen fitar da ɗiyarta daga lakkol.

Akwai wani abu da ya kamata kowane ɗalibin yaƙi da jahilci ya sani. Ita kanta Balaraba an fitar da ita daga makaranta, an yi mata aure tana ƙarama, a ajin manya na Kano ta koma karatu. Ado Gidan Dabino ma karatun allo ya fara yi, boko kuwa a ajin manya ya same shi. Ke nan uku daga cikin littattafan huɗu sun fito ne daga hannun mutanen da suka zauna bisa irin bencin da waɗannan mata suka zauna.

Inda aka yi tuntuɓe

Ba a rasa cikas ba. Na farko shi ne rubutu. Abin da Nijar ke rubutawa da ƴ, Najeriya na rubuta shi da 'y. A yawancin littattafan kasuwa kuma ba a kula da baƙaƙe masu lanƙwasa, sai a rubuta kafa a wurin ƙafa, daki a wurin ɗaki. Wanda ya ƙware yakan gane daga ma'ana, sabon mai karatu kuwa yakan tsaya. Na biyu shi ne kalmomin aro. Littattafan Kano suna cewa asibiti da firamare, mutumin Maraɗi yana cewa likita da lakkol, suna lissafi da naira, shi yana lissafi da jika. Sau da yawa sai malama ta tsaya ta yi bayani.

Na uku ya fi nauyi, domin ya shafi abin da labaran ke koyarwa. A cikin irin waɗannan littattafai arziki yakan zo wa yarinya ta hannun miji mai kuɗi. Ko cikin labarin Rabi, auren ɗiyarta Saudatu da attajiri ne ya ɗaga gidan. Matan sun lura da haka, sun kuma san ba kowace ɗiya ke gamuwa da attajiri ba. Iyaye da malamai sun daɗe suna zargin littattafan soyayya da ɓata tarbiyya da kwaikwayon finafinan Indiya, har a 2007 hukumomin jahar Kano suka ƙone wasu a bainar jama'a. Gaskiya ne akwai na banza cikinsu, musamman yanzu da ake yaɗa labarai ta wayar salula ba tare da mai dubawa ba. Amma watan nan ya nuna magani ba ya ga hanawa. Yana ga zaɓen littafi, da karanta shi tare, babba da yaro, a tattauna abin da ke ciki.

Abin da ya rage ga magabata

A ƙarshen wata, matan da suka fara da bin layi da yatsa suna karanta shafi ba tsayawa. Wasu sun roƙi a ba su aron littafi su kwana da shi. Babu wadda aka bi gida aka kira, kowace da ƙafarta take zuwa don ta ji ci gaban labari.

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun taron Bamako na 1966 ake aikin daidaita rubutun harsunan ƙasa, a 1973 aka buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram, a watan Maris na 2025 kuma aka ba Hausa matsayin harshen ƙasa. An buga ƙasidu masu amfani bisa noma da kiwo da tsabta da riga-kafi. Sai dai ƙasida akan karanta ta sau ɗaya a ajiye, labari kuwa shi ke hana mutum barci. Dukan littattafan huɗu daga ƙetaren iyaka suka zo. Tambayar da matan suka yi ran rufewa ita ce, ina labarin yarinyar Tasawa ko ta Madawa ko ta Mirya, da rubutun Nijar da kalmomin Nijar?

Amsar tana hannun ma'aikatar ilimi da masu maɗaba'a da shugabannin cibiyoyi. Akwatin littattafan labari a kowace cibiya ba zai ci kuɗin da aka kashe wajen koyar da aji guda ba, kuma shi zai tsare abin da aka koyar. Gasar rubuta labari ga waɗanda suka sauke karatun manya za ta fito da masu alƙalami, kamar yadda gasa ta fito da So Aljannar Duniya. Su kuwa matan unguwar sun riga sun tara kuɗi sun ba mai zuwa Kano sautun littattafan wata mai kamawa, ɗaya daga cikinsu kuma ta sayi sabon kaye ta fara rubuta labarin aurenta na fari. Allah ya sa ta kai ƙarshensa.